Cin Zarafi a Cikin Gida da Bibiyar Mutum: Tambayoyi da Amsoshi Kan Doka da Hanyoyin Samun Taimako

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu fama da cin zarafi a gida da 'yan'uwansu suka fi yi. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, shi ya sa misalan suka fito daga wurare da dama. Yawancin amsoshin da mace ake magana, domin mata ne abin ya fi rutsawa da su, amma namijin da ke cikin irin wannan hali shi ma da shi ake. Duk wanda ransa ke cikin haɗari a yanzu, ya fara kiran 'yan sanda kafin ya ci gaba da karatu.

Bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Abin da yake mini ya shiga cin zarafi?

Yana iya shiga. Da can doka ba ta ganin komai sai rauni a jiki, idan babu jini babu kumburi sai a ce babu ƙara. Daga baya aka gane cewa duka ɗaya ne kawai daga cikin hanyoyin da mutum ke bi ya mallake wani. Akwai ƙwace kuɗi ko hana aiki, akwai raba mace da danginta da ƙawayenta, akwai binciken waya dare da rana, da zagi da wulaƙanci a gaban yara, da tilasta saduwa, da barazanar kisa ko ta ƙwace 'ya'ya. Ko wanne ka ɗauka shi kaɗai, wani zai ce ai ƙaramin abu ne. Sai an jera su ake ganin mutum a ɗaure ba tare da igiya ba.

A ƙarshen 2015 Ingila da Wales suka mayar da irin wannan danniya laifi mai zaman kansa, wanda ɗaurinsa ke kaiwa shekara 5. Dokar Sikotland ta 2018 ta fi tsanani, ɗaurinta na kaiwa shekara 14, kuma abin da kotu ke dubawa shi ne halayyar mutum a tsawon lokaci. A Najeriya ma dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta ambaci cutar da mutum ta hanyar magana da ta tunani da ta dukiya. Tambayar da ma'aikatan agaji suka fi yi ba "ya dake ki?" ba ce. Sukan tambaya ne: kina jin tsoronsa? Kina sauya abin da za ki faɗa ko inda za ki je don gudun abin da zai biyo baya?

Yaya girman matsalar yake?

Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya nuna kusan mace 1 cikin 3 ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i, kuma mafi yawa daga hannun miji ne ko saurayi. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2023 sun ce mata da 'yan mata kimanin 51,100 ne mazajensu, ko samarinsu, ko danginsu suka kashe, wato kusan 140 a kowace rana.

Yaushe naci ke zama bibiyar da doka ta hana?

Idan abin ya zama maimaici, ba a so, an nuna ba a so, kuma ya jefa mutum cikin tsoro ko ya dagula masa rayuwa. Kira ba ƙaƙƙautawa, saƙo daga sababbin lambobi bayan an toshe tsohuwa, tsayawa a ƙofar gida ko wurin aiki, aiko kyautar da ba a nema ba, bin ƙawaye ana tambayar ina take, buɗe shafi da sunan ƙarya don leƙen abin da take wallafawa: duk suna ciki.

Wahalar wannan laifi ita ce kowane yanki nasa halal ne idan aka cire shi daban. Ba laifi ba ne a tsaya a bakin titi, ba laifi ba ne a aika saƙo. Ɗan sandan da ya dubi rahoton yau kaɗai zai ce babu abin kamawa, gobe wani ɗan sandan ya faɗi haka, har a tara rahoto goma babu wanda ya haɗa su wuri ɗaya. A ganina nan ne hukumomi suka fi faɗuwa, kuma nan ne rayuka suka fi salwanta. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1999 ya gano cewa kashi 76 cikin 100 na matan da mazajensu ko samarinsu suka kashe, an bibiye su a cikin shekarar da ta gabaci kisan.

Abin takaici, wasu dokokin bibiya bayan an yi gawa aka kafa su. Jihar Kalifoniya ce ta fara a 1990, bayan wani da ya daɗe yana bin 'yar fim Rebecca Schaeffer ya harbe ta a ƙofar gidanta a 1989. Jafan ta yi tata a 2000, ita ma bayan kisan wata ɗaliba. Jamus ta biyo baya a 2007, Ingila da Wales suka ware wa laifin sashe na kansa a 2012, Indiya a 2013. Tun 2020 'yan sanda a Ingila da Wales na iya neman kotu ta taka wa mai bibiya birki tun kafin a kama shi da laifi, kuma karya wannan umarni na iya kai shi kurkuku har shekara 5.

Wani abu da mutane ke yawan kuskure a kai: mai bibiya ba lallai baƙo ba ne. Tsohon miji ko tsohon saurayi ya fi yawa, kuma shi ya fi haɗari, domin ya san gida, ya san hanya, ya san makarantar yara.

Me ya sa ba za ta tattara kayanta ta tafi ba?

Wannan tambaya ta fi fitowa daga bakin wanda bai taɓa shiga halin ba. Lokacin rabuwa da watannin da ke biye da shi su ne mafi haɗari ga mace, domin mai mallaka idan ya ga abin ya fara kuɓuce masa, a nan yake yin abin da bai taɓa yi ba. Macen da ta zauna sau da yawa ta yi lissafi ne, kuma lissafinta ba na wauta ba ne. Ina za ta kwana? Da me za ta ciyar da yara, alhali kuɗin da takardun duk suna hannunsa? Idan takardar zamanta a ƙasar ta dogara da aurensa fa? Gaba kura, baya sayaki.

Manufar gwamnati mai kyau ita ce wadda ke amsa waɗannan tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Dokar Amurka ta 1994 ta ba wa baƙuwar da mijinta ke cin zarafinta damar neman takardar zama da kanta ba tare da sa hannunsa ba. Dokar Ingila ta 2021 ta sa wanda ya rasa matsuguni saboda cin zarafi a sahun gaba wajen samun gida daga ƙaramar hukuma. Filifin tun 2004, New Zealand tun 2019, da Ostireliya tun 2023 suna ba ma'aikaci hutun kwana 10 da albashi don zuwa kotu, neman gida ko sauya wa yara makaranta. Wani zai ga hutun kwana 10 ba wani abu ba ne. Amma wadda aka kora daga aiki saboda fashin zuwa kotu, tana iya komawa gidan da ta baro.

Mene ne umarnin kariya? Ba takarda ba ce kawai?

Umarni ne na kotu da ke hana mutum kusantar wadda yake cuta, ko kiranta, ko aika wani gare ta, wani lokaci har da fitar da shi daga gida da ƙwace makaminsa. Amfaninsa shi ne ba sai an jira shari'ar laifi ta ƙare ba, kuma hujjar da ake bukata ba ta kai tsaurin wadda ake nema kafin a ɗaure mutum ba. A ƙasashe da yawa alƙali kan ba da na wucin gadi ko da wanda ake ƙara ba ya nan, sannan a sa ranar jin ta bakinsa. A Birazil doka ta ba alƙali sa'o'i 48 ya yanke shawara. Dokar tana ɗauke da sunan Maria da Penha, wadda mijinta ya harbe ta a 1983 ƙafafunta suka shanye, ta yi kusan shekara 20 tana neman a hukunta shi, har Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasashen Amurka ta kama Birazil da laifin sakaci a 2001. A 2006 aka kafa dokar.

Ita kuwa maganar takarda, gaskiya ce a inda ba a hukunta wanda ya karya. Idan ya keta karo na farko aka kama shi, umarnin ya yi ƙarfi. Idan aka ce masa "kar ka sake", ya gane cewa babu komai a ciki. Sifen da Faransa suna ɗaura wa wasu na'ura a ƙafa, mace kuma ta riƙe tata, da zarar ya shigo tazarar da aka hana shi sai ƙararrawa ta tashi a cibiyar sa ido. Ki riƙe kwafin umarnin a jikinki, ki ba makarantar yara da wurin aikinki, kuma ki kai rahoton kowace ketawa ko da saƙon "ya kike" ne.

Dole ni ce zan bar gidan?

Ba ko'ina ba. Ostiriya ta juya lamarin a 1997: wanda ya yi duka shi zai fita, ko da gidan nasa ne. 'Yan sanda na karɓar makulli a take, su hana shi dawowa na mako 2, sannan su sanar da cibiyar agaji, ita kuma cibiyar ta nemi matar da kanta maimakon ta jira a zo mata. A cikin waɗannan kwanaki mace na iya neman kotu ta tsawaita. Ƙasashe da dama sun kwaikwayi wannan tsari. Sai dai akwai wanda haɗarinsa ya kai a ce zama a gidan da ya sani ganganci ne, ko da umarni a hannu.

Yaya jami'ai ke gane wadda ke cikin babban haɗari?

Da jerin tambayoyi da aka ciro daga nazarin kashe-kashen da suka riga suka faru. Alamun da suka fi tayar da hankali su ne: rabuwa ta kwanan nan, bibiya, barazanar kisa ko ta kashe kansa, mallakar bindiga, duka a lokacin juna biyu, tilasta saduwa, kishi mai tsanani, da ƙaruwar abin a yawa ko a muni.

Shaƙe wuya na bukatar magana ta daban. Sau da yawa ba ya barin tabo, shi ya sa ake raina shi, amma bincike ya nuna macen da aka taɓa shaƙewa haɗarin a kashe ta ya ninka kusan sau 7. Ingila da Wales sun mayar da shi laifi na musamman a 2022. Duk wadda aka shaƙe ta ga likita ko da ta ji garau, domin illar kan bayyana daga baya, kuma ta faɗa wa 'yan sanda ƙarara cewa shaƙe ta aka yi.

Sifen na da rumbun bayanai na ƙasa tun 2007 mai suna VioGén, wanda ke sa kowace ƙara a mataki, daga ƙarami zuwa matsananci, kariya kuma ta bi matakin. A Birtaniya, tun daga birnin Cardiff a 2003, 'yan sanda da ma'aikatan lafiya da na gidaje da na kula da yara kan zauna teburi ɗaya a kan ƙarar da ta fi haɗari, kowa ya ajiye abin da ya sani. Asibiti ya ga karaya, makaranta ta ga yaro ya sauya, 'yan sanda sun je gidan sau biyu, amma sai a wannan zaman labarin ke haɗuwa. Jerin tambayoyi na iya kuskure, kuma ya sha yi. Idan mace ta ce "wannan karon zai kashe ni", maganarta hujja ce ko da lissafin ya nuna ƙasa.

Idan na kira layin agaji, za su tilasta mini kai ƙara?

A'a. Aikinsu su saurara, su bayyana zaɓin da ke akwai, su taimaka a tsara yadda za a tsira, ko mutum zai tafi ko zai zauna. Sirri ne, sai dai idan rai ko yaro na cikin haɗari na nan take, kuma ki tambaye su iyakar sirrin tun farkon magana.

Wane irin taimako ake samu?

Mafaka ita ce ta farko, gida mai ɓoyayyen adireshi inda mace da 'ya'yanta za su zauna na ɗan lokaci. Wadda ta fi shahara cikin na farko-farko an buɗe ta a unguwar Chiswick ta Landan a 1971. Ma'aunin da ƙungiyar ƙasashen Turai mai suna Council of Europe ta ba da shawara a kai shi ne gurbin iyali 1 ga kowane mutum 10,000, kuma ƙasashe da yawa, har masu arziki, ba su kai ba.

Sai cibiyoyin da ke haɗa komai a rufi ɗaya: likita, ɗan sanda, lauya da mai ba da shawara. Maleshiya ta fara a babban asibitin Kuala Lumpur a 1994, Afirka ta Kudu na da cibiyoyin Thuthuzela, Ruwanda na da Isange tun 2009. Hikimar ita ce kada a sa wadda aka ji wa ciwo ta yi ta yawo ofis-ofis tana maimaita labarin da ko sau ɗaya faɗarsa azaba ce. Birazil kuma tun 1985 ta buɗe ofishin 'yan sanda na mata a São Paulo.

Wace shaida zan tara?

Rubuta kowane abu da ranarsa da lokacinsa da wanda ya gani. Ɗauki hoton saƙonni yadda lamba da kwanan wata za su fito, kada ki goge ko da ganinsu na tayar miki da hankali. Hoton rauni, takardar asibiti, lambar kowane rahoto da kika kai. Ki ajiye kwafi a inda hannunsa ba ya kaiwa. Duk lokacin da kika koma wurin 'yan sanda, ki ambaci rahotannin baya, ki nemi a haɗa su a fayil ɗaya.

Ina zargin yana bin sawuna ta waya. In goge komai?

Kada ki yi gaggawa. Cire manhajar leƙen asiri ko na'urar bibiya irin AirTag daga mota na iya sanar da shi cewa an gano, kuma shaida ce ta tafi. Ki nemi shawara ta wata wayar da bai taɓa riƙewa ba. Sau da yawa ma ba wata na'ura ba ce, kalmar sirrin da ya sani ce, ko asusun da kuke tarayya, ko wayar yaro. Wayoyin iPhone da Android na yanzu suna gargaɗi idan baƙuwar na'urar bibiya na tafiya tare da mutum.

Idan na janye ƙara, shi ke nan? Kuma me ya hana a yi sulhu?

A ƙasashe da dama mai gabatar da ƙara na iya ci gaba da sauran hujjoji, kamar muryar kiran gaggawa, hotuna da bayanin likita. Yarjejeniyar Istanbul ta 2011, wadda ƙasashen Turai suka ƙulla don yaƙi da cin zarafin mata, ta nemi a yi haka, domin janyewa sau da yawa daga matsin lamba take fitowa. Akwai masu sukar tsarin da cewa yana ƙwace wa mace ikon yanke shawara a kan rayuwarta, kuma sukar na da nauyi.

Sulhu na da kyau tsakanin mutum biyu da ƙarfinsu ya zo ɗaya. Idan ɗaya na tsoron ɗaya, "na yafe" ɗin da za ta faɗa a gabansa ba daga zuciya ya fito ba. Yarjejeniyar ta hana tilasta sulhu a irin waɗannan ƙararraki, dokar Sifen ta 2004 kuma ta rufe ƙofarsa gaba ɗaya.

Yara fa?

Yaron da ya ji ko ya gani, an cuce shi ko da ba a taɓa jikinsa ba. Dokar Ingila ta 2021 ta amince da haka a rubuce, ta kuma hana mai cin zarafi yi wa wadda ya cuta tambayoyi da kansa a kotun iyali. Bayan rabuwa, wurin miƙa yara kan zama sabon fagen tsangwama, don haka ana iya neman kotu ta sa a riƙa yi ta hannun wani ko a ƙarƙashin kulawa.

Zan iya sanin ko wanda zan aura ya taɓa cin zarafin wata?

A wasu ƙasashe, e. Ingila da Wales sun fara a 2014, bayan kisan Clare Wood a 2009 a hannun wani da ke da tarihin cutar mata wanda ita ba ta sani ba. Mace ko ɗan'uwanta na iya tambayar 'yan sanda, su ma suna iya sanar da ita ba tare da ta tambaya ba. Sai dai rashin suna a rajista ba wanke mutum ba ne, tunda yawancin cin zarafi ba ya kaiwa gaban hukuma.

Mai cin zarafi na gyaruwa?

Wasu na gyaruwa, amma ba da rantsuwa da kuka ba. Shirye-shiryen gyaran hali sun samo asali ne daga irin wanda aka fara a garin Duluth na Amurka a farkon shekarun 1980, kuma sakamakon bincike a kansu gauraye ne. Waɗanda suka fi amfani su ne masu tsawo, masu alaƙa da kotu, waɗanda ke tuntuɓar matar don jin ko da gaske an sauya. Koyar da danne fushi kaɗai ba ya wadatarwa, domin mutumin da ba ya dukan maigidansa a wurin aiki ya iya danne fushinsa sarai.

Namiji na iya neman taimako?

Ƙwarai. A ƙididdigar Ingila da Wales kusan 1 cikin 3 na masu cewa an ci zarafinsu a gida maza ne, kodayake mata sun fi fuskantar mummunan rauni da kisa. Kunya da tsoron dariya ke rufe bakin maza. Wasu dokokin, kamar ta Indiya ta 2005, mata kaɗai suka shafa, wasu kuma kowa.

Dokoki sun yi yawa. Me ya sa abin bai ragu yadda ake so ba?

Domin sa hannu a doka ba ya cin kuɗi, aiwatar da ita ke ci. Wanda ke son auna gwamnatinsa ya duba kasafi: gado nawa ne a mafaka, kwana nawa ake ɗauka kafin umarnin kariya ya fito, mutum nawa aka kama da karya shi, an horar da ɗan sandan da ke karɓar ƙara ko kuwa har yanzu "ku je ku sasanta" yake cewa. Ingila tun 2011 take bin diddigin kowane kisan cikin gida don gano inda hukumomi suka yi sake, kuma abin da ke yawan fitowa shi ne bayanin yana nan, a warwatse. Ci gaban ma na iya komawa baya: Turkiyya, inda aka sa hannu a Yarjejeniyar Istanbul, ta fice daga cikinta a 2021.

'Yar'uwata ta faɗa mini halin da take ciki. Me zan yi?

Ki yarda da ita, ki gaya mata ba laifinta ba ne. Kada ki tunkari mijin, kada ki kai masa maganar, domin ita za ta kwana da sakamakon. Kada ki gindaya mata sharaɗin "ko ki fita ko in cire hannuna", tunda raba ta da mutane shi ne abin da yake nema tun farko, kuma mata da yawa sai sun fita sun koma kafin fitar ƙarshe. Ki ajiye mata kwafin takardunta da na yara, da ɗan kuɗi, da magungunan da take sha. Ku yi yarjejeniya a kan wata kalma wadda idan ta faɗa a waya kin san 'yan sanda za ki kira. Ke ma kina iya kiran layin agaji ki nemi shawara a madadinta, ba sai kin faɗi sunanta ba.